Bishiyar Bakin Ƙofar Hukuma, Don Wa Aka Dasa Ta?



Sharhinmu na yau a kan itatuwa ne, amma ba na daji ba, na bakin ƙofa. Duk wanda ya saba shiga gari ya lura da abu ɗaya. Ka je sakatariya, ka je kotu, ka je babban asibiti ko tsohuwar makarantar gwamnati ko fadar sarki, bishiyar da za ka tarar a gaban ginin mai ganye ce rani da damina. Darbejiya ce, ko maɗaci, ko mangwaro, ko cediya, ko durumi. Da wuya ka ga an ɗauko kuka an dasa a ƙofar sabon ofis, duk da cewa kuka tamu ce, muna shan miyarta, muna sha'awar girmanta. Me ya kawo wannan zaɓi? Kuma shin dalilin da ya sa na farko suka yi haka yana nan a zukatan masu dasawa a yau?

Mu fara da ita kanta bishiyar. Ganye ƙofa ce da ruwa ke fita ta cikinta. Saiwa ta zuƙo ruwa daga ƙasa, ya hau ta cikin itace, ya fice ta ƙananan kafofin ganye ya zama tururi. Idan ruwan sama ya ɗauke, ƙasa ta bushe, bishiya tana da hanya biyu. Ko dai ta kakkaɓe ganyenta gaba ɗaya ta yi zaman jira har damina ta kawo jiki, kamar yadda kuka ke yi, ko kuma ta riƙe ganyen, in tana da saiwar da ke nutsawa can ƙasa inda laima take, ko ganye mai kauri da santsi wanda ba ya saurin zubar da ruwa. Masu riƙe ganyen nan su ne muke magana a kansu.

To a ƙasarmu, yaushe ne masu zubar da ganye suke tsirara? Daga tsakiyar hunturu zuwa ƙarshen bazara. Wato daidai lokacin da ɗan Adam ya fi bukatar inuwa. A watan Maris da Afrilu da farkon Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram yakan haura digiri 40. A watan Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A irin wannan rana, kuka mai shekara ɗari biyu ba ta da abin da za ta ba ka sai inuwar gindinta. Darbejiya kuwa tana tsaye da koren ganye, kuma wannan tururin da ganyen ke fitarwa yana rage zafin iskar da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa inuwar bishiya ta fi inuwar kwano daɗi. Kwano yana tare rana amma shi kansa yana ɗaukar zafi ya sauke maka a ka. Kowa ya taɓa zama a rumfar kwano da azahar ya san haka.

Wannan shi ne dalili na farko, kuma a wajenmu shi ne babba. Sai dai al'adar dasa itace mai dawwamammen ganye a gaban ginin hukuma ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma a wasu ƙasashen dalilin daban ne.

A ƙasashen sanyi, lissafin a juye yake. Can itatuwa suna zubar da ganye ne lokacin ƙanƙara, lokacin da mutum ke neman rana ido rufe. Masu zanen gini a can har shawara suke bayarwa a dasa mai zubar da ganye a ɓangaren da rana ke bugun gida, don ta yi inuwa da zafi, ta buɗe wa rana hanya da sanyi. Duk da haka, in ka je Mosko, a jikin katangar fadar Kremlin za ka ga layin wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, launinsu tsakanin kore da shuɗi. Asalinsu ma daga duwatsun yammacin Amurka aka kawo su. Zamanin Tarayyar Sobiyet, irin waɗannan itatuwa aka riƙa jerawa a gaban ofisoshin gwamnati a garuruwa da dama. Ba inuwa ake nema da su ba. Abin da ake so shi ne, idan dusar ƙanƙara ta rufe gari, komai ya yi fari fat, sauran itatuwa suka zama ƙirare, ƙofar hukuma ta kasance da rai, ba ta sauya kama ba. Saƙon a fili yake: mulki yana nan, ba ya bin yanayi.

Haka a ƙasar Sin. Tsohon wurin ibadar sarakuna da ke birnin Bejin, wanda aka gina a 1420, kewaye yake da dubban itatuwa marasa zubar da ganye, wasu sun shekara ɗaruruwa. A al'adarsu irin wannan itace alama ce ta tsawon rai da tsayuwa a kan gaskiya, tunda sanyi ba ya sa shi ya sauya. Lebanon kuwa ta ɗauki irin wannan bishiya ta sa a tsakiyar tutarta.

Akwai kuma dalili na uku da ba a cika faɗa ba, na masu son tsari. Bishiyar da ba ta sauya kama tana da sauƙin sha'ani ga mai zanen gini. Yadda ya zana ta a takarda, haka za ta kasance duk shekara. Lokacin da Turawan Ingila suka yanke shawarar mayar da babban birnin Indiya daga Kalkata zuwa Delhi a 1911, suka shiga shata sabon gari, sun zaɓi itatuwan da za a jera a manyan tituna da sharaɗin kada su zama masu tsirara da rani. Darbejiya da tsamiya na cikin waɗanda suka zaɓa. Ba sa son babban birnin daularsu ya yi kama da bushasshen daji na wata uku ko huɗu a kowace shekara.

Saboda haka, mai sauraro, dalilan iri biyu ne in aka tattara. Akwai na kwarjini, wato yadda ginin zai cika ido. Akwai na amfani, wato abin da mutumin da ya zo ƙofar zai samu. Iyayenmu da kakanninmu sun haɗa biyun a bishiya guda, kuma sun yi haka tun kafin Bature ya zo.

Ka je kowane tsohon gari a ƙasar Hausa ka tambayi ƙofar gidan mai gari ko dagaci. Sau da yawa ba sai an nuna maka ba, cediya ko durumi za ka hango. A ƙarƙashinta ake shimfiɗa buzu da tabarmi. Nan ake sauraron ƙarar gona da rikicin aure, nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, nan baƙo ke sauke kayansa kafin a yi masa iso, nan wanzami ke aski, nan dattawa ke jiran la'asar. Ba a banza aka zaɓi waɗannan biyun ba. Suna da faɗin kai, ganyensu yana da duhu, ba su da ƙaya, kuma dasa su ba wuya: reshe mai kauri ake sarowa a kafa a ƙasa da damina, ya kama. Mutum ɗaya da gatari da tulun ruwa ya isa ya bar wa jikokinsa majalisa. Har yau a birnin Kano akwai unguwannin da sunan bishiya suke amsawa, irin su Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa, saboda bishiyar ce ta tara mutane kafin unguwar ta yi suna. Kuma da Hausawa suka tashi yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kirari, Gamji suka ce masa. A tunaninmu, babban mutum shi ne wanda jama'a ke fakewa a ƙarƙashinsa.

Ku lura da hikimar rabon aiki a nan. Gawo bishiya ce mai daraja ƙwarai, har sarakunan Damagaram suka kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi. Amma gona aka bar masa, domin yana da ƙaya, kuma can ne amfaninsa yake. Ƙofar fada aka ba cediya. Kowace bishiya da inda ta dace.

Sai darbejiya ta zo, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Yaran yanzu suna ɗauka tun fil azal tana nan, alhali baƙuwa ce daga Indiya da Bama. An kai ta ƙasar Gana zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, a Najeriya kuma an fara samun nasarar dasa ta a lardin Borno a 1928. Ba ta cika shekara ɗari a wajenmu ba ke nan, amma dubi yadda ta mamaye. Tana jure fari, tana tsirowa a ƙasar da ba ta da ƙarfi, tana saurin girma, gara ba ta cika damun itacenta ba. Jami'an gandun daji na wancan zamani da hukumomin En'e suka jera ta a titunan Maiduguri, suka dasa ta a harabar asibitoci da makarantu da kotunan alƙalai da tashoshin jirgin ƙasa. A unguwannin Turawa na Kaduna da Kano da Zariya, da manyan titunan Yamai da Bamako, maɗaci aka fi jerawa, shi kuwa ɗan gida ne. Waɗanda suka dasa su sun daɗe da rasuwa. Mu ne muke shan inuwar.

Alhazanmu ma shaidu ne. Filin Arfa da ake tsayuwa a cikinsa, an dasa masa darbejiya wajen 50,000 domin mahajjata su samu inda za su fake. Wanda ya yi Arfa a shekarar da aikin Hajji ya faɗo cikin zafi ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar wannan aiki.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, kada a yi wa bishiyar kirarin da ba nata ba. Cewa ba ta zubar da ganye ba daidai ba ne ɗari bisa ɗari. Tana zubarwa, sai dai ba ta yin tsirara. Tsohon ganye na faɗuwa sabo na fitowa. Ku tambayi leburorin da ke sharar harabar ofis, su ne suka san yawan ganyen da darbejiya ke saukewa wajen ƙarshen hunturu, da 'ya'yanta masu danƙo da ke zuba in damina ta kama. Saiwar cediya da durumi tana iya tsaga katanga, ta ɗaga daɓe, ta shiga ramin bayan gida in an dasa su dab da gini. Mangwaro yana jawo jifa, gilashin taga ya sha wahala. Tsohon maɗaci, in an yi ta ɓare masa ɓawo don magani har ya raunana, reshensa na iya faɗowa da iskar farkon damina. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma kowanne yana da magani: a ba da tazara tsakanin bishiya da gini, a riƙa rage rassa a kan lokaci, a sa ido a kan masu ɓare ɓawo. Babu ɗaya daga ciki da ya kai a ce a tumɓuke.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana.

Cikin shekarun nan, salon ya sauya. In aka gina sabon ofis, ko aka ba da kwangilar gyaran tsoho, abin da ke fara tafiya shi ne tsofaffin itatuwa. A kawo injin yanka, darbejiyar da ta shekara hamsin ta kwanta cikin awa guda. A shimfiɗa intalok daga bakin get har bakin baranda, saboda wurin ajiye motoci. Sannan a je wajen masu sayar da dashe a bakin titi a sayo doguwar bishiyar nan siririya mai rassa a sunkuye, wadda ita ma asalinta daga Indiya da Siri Lanka ne, a jera ta a jikin katanga. Ko a kawo dogayen kwakwar ado, ko gajerun shuke-shuke da ake yi wa aski su zama dunƙule. Dukkansu kore ne shar duk shekara, ba musu. A hoto suna da kyau. Sharaɗin rashin zubar da ganye ya cika. Amma inuwarsu, inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Mutumin da ke tsaye a gindinta da tsakar rana bai samu komai ba.

An riƙe dalilin kwarjini, an yar da dalilin amfani. Ni kuwa a ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wa ke tsayawa a ƙofar ginin hukuma? Ba shugaban ma'aikata ba ne. Shi mota ke kai shi har bakin matakala, ya shiga ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Masu tsayuwa a waje su ne waɗanda aka gina ginin dominsu.

Ku je ku ga ranar tantance 'yan fansho. Dattijo ne ya haura saba'in, ya baro ƙauyensu tun asuba, takardunsa a cikin leda ya rungume a ƙirji. Maigadi ya ce a jira a waje har a kira lamba. Ƙarfe goma inuwar katanga tana nan, mutane sun jeru a jikinta. Sha ɗaya ta fara janyewa, suna binta suna matsawa. Sha biyu babu ita. Sai ka ga ya ɗora fayil ɗin a kan hularsa, ya tsuguna, intalok ɗin nan yana huro masa zafi daga ƙasa, rana na dukansa daga sama. In azumi ne, ko ruwan leda ba zai sha ba. Wani lokaci sai ka ji an ce, "Baba, ka dawo gobe, yau netwok babu." Taku kaɗan daga inda yake tsugune, kututturen darbejiyar da aka sare yana nan, an shafe shi da farin fenti.

Ku je ƙofar asibiti. Masu jinya a waje suke kwana, a waje suke yini. Mata da goyo, da kwanukan abinci da buta da tabarma. Inda akwai tsofaffin itatuwa, za ka ga kowane gindi ya zama ɗaki: nan ake sallah, nan ake ba yaro nono, nan ake jiran likita ya fito da labari. Inda aka sare su, sai ka ga mata sun ɗaura zani a jikin waya suna neman abin da bai kai inuwa ba. Haka a kotu, inda shaidu da dangin wanda ake tuhuma ke zama tun safe. Haka a makarantar firamare, inda aji ya cika, rabin yara a gindin bishiya suke karatu. Ga mai shayi, ga mai buga takardar koke, ga mai ɗaukar hoton fasfo, ga 'yan acaɓa, duk abincinsu a wannan inuwa yake.

Da hunturu ma bishiyar tana aiki. Layin itatuwa masu duhun ganye yana karya ƙarfin iska, ganyen yana tare wani kaso na ƙura kafin ta shiga ɗakin marasa lafiya ko aji. Manoman kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar sun ga wannan da idonsu, tun da aka fara jera musu darbejiya a gonaki a 1975 don kare iska, amfanin gonarsu ya ƙaru. Abin da ya tare iska a gona zai tare ta a harabar asibiti.

Za a ce mini ai ana dasa itatuwa, kowace damina ana bikin dashe. Gaskiya ne. A Nijar, ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar dashen itace tun 1975. A Najeriya akwai hukuma sukutum ta shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana aiki a jihohi 11 na Arewa. Niyya ce mai kyau, ina kuma yaba ta. Sai dai dashe ba a ranar biki yake rayuwa ko mutuwa ba. A watan Maris na shekara mai zuwa ake sanin makomarsa, lokacin da babu kyamara, babu baƙi, sai akuya da rana. Dashen darbejiya yana bukatar keji ko shingen ƙaya, da ban ruwa a raninsa na farko, wani lokaci da na biyu. In ya tsallake wannan, ya kama gabansa, ba ya ƙara neman komai a wajenka. Yawancin waɗanda ke mutuwa, rashin wanda aka ɗora wa alhakinsu ne ke kashe su. Kowa ya ɗauka aikin wani ne.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomi da shugabannin asibitoci da hedimastoci da masu zanen gine-ginen gwamnati, kafin a sa hannu a takardar kwangila, a fita waje da ƙarfe ɗaya na rana a tsaya inda jama'a ke tsayawa. A duba inda layi yake bi, inda mata ke zama, inda ake ajiye babura. Nan ne wurin bishiyar, ba jikin katangar da ke kallon titi kaɗai ba. In akwai tsohuwa a wurin, a zana wurin ajiye motoci ya kewaye ta, a bar mata fili a gindi inda ruwa zai shiga, kada a shaƙe ta da siminti. Mota ma inuwar take so. In za a dasa sabuwa, a zaɓi mai faɗin kai: darbejiya, maɗaci, cediya, durumi, tsamiya ga mai haƙuri, mangwaro inda ruwa ke kusa. A gauraya su, domin in gari ya dogara da iri ɗaya, cuta ɗaya na iya share shi. Masu son siririyar nan ta ado, ba wanda ya hana, a sa ta a gefe, bayan an gama da ta inuwa.

Sannan a rubuta sunan mutum. Wannan dashe na maigadi wane ne, wancan na ajin firamare biyar ne, a ba su bokiti, a sa ɗan abin hasafi a kasafin ofis na wata shida na rani. Kuɗin bai kai na fentin get ba. Ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai su ma suna da ta cewa: in kuka ga an kawo injin yanka ƙofar asibitinku ko makarantar 'ya'yanku, ku tambaya a nuna muku dalili da izinin hukumar gandun daji, cikin ladabi, kafin a taɓa ta. Bishiyar da aka kayar yau, ko an dasa madadinta gobe, sai an yi shekaru ana jira kafin mutum ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.